Ɗinkin da Ba a Kallon Allura

Tun ranar da na sauko daga kar, babbar motar haya, a tashar Gure ban samu sakat ba. In na zauna bakin kantina zan zura zare, sai wani ya jawo benci: "Baba Ari, wai da gaske garin matsafa ka je?" In na fito daga masallaci, wani ya riƙe mini hannun riga: "An ce har ƙaguwa ka ci." Malam Bukar mai kanwa, wanda muka yi ƙuruciya tare, har shinshina ni ya yi, wai ya ji ko na dawo da warin wani abu. To na gaji da maimaici. Na sayi bik na zauna zan rubuta sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Kada kuma ku raina ni. Na yi lakwal har aji uku kafin ubana ya gano cewa allura ta fi mushe, malamin lakwal, amfani, kuma har yau ban ga wanda ya ƙaryata shi ba.

Ga abin da ya tashe ni. Autata Fanna tana aure a kudancin Dahome, wadda yaran yanzu ke ce wa Benin. Mijinta Mamman Sani ɗan Kelle ne, yana sayar da albasa da kanwa a wani ƙauye na bakin kogi, gaba da birnin Kwatano. Daminar da ta wuce kogin ya cika ya shiga gari. Ya ci gidaje, ya ci gonaki, ya ci mutane. Cikin waɗanda ya ci har da ƴarsu Zara, wadda ko lakwal ba ta isa shiga ba. Ba a ga gawarta ba. Tun daga ranar Fanna ta daina magana. Tana girki, tana salla, tana wanki, amma in uwarta ta kira ta a salula ba abin da take ji sai numfashi. Tsohuwata, wato matata, takan ajiye salular a kan tabarma ta zauna tana kallonta kamar ita ce ta yi mata laifi.

Ana nan sai Mamman Sani ya kira ni, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya ce, "Baba, akwai magana. Kullum da safe sai ta fita ta tafi wurin matan garin nan, masu addinin gargajiya da suke kira bodun. Wai ɗinki suke yi. Na hana, ba ta ce mini komai ba, ta dai tafi." Aka taru a gidana. Kowa ya faɗi tasa, har waɗanda ba a tambaya ba. Aka yanke cewa ni zan je in ɗauko ta kafin a raba ta da hankalinta da addininta gaba ɗaya. Tsohuwata ta ɗaure mini dabino da cuku da turaren wuta, ta ce, "Malam, ko ba ka kawo mini komai ba, ka kawo mini muryarta."

Daga Gure zuwa Damagaram ba sai na ba ku labari ba, kun san ramukan hanyar da sunayensu. A Damagaram ne Allah ya haɗa ni kujera ɗaya da wata Hajiya Rabi, ƴar Maraɗi mai fataucin atamfa, wadda ta yi hanyar nan har direbobi na gaishe ta da rusunawa. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Baba, da babbar rigar nan za ka kudu?" Na ce ai mutum ba ya zuwa gidan suruki a wulaƙance. Ta ce, "To Allah ya kai rigar lafiya." Tun daga nan ta ɗauke ni amana. Ita ke gaya mini inda zan ci, inda zan kama ruwa, da inda zan yi shiru. Na shekara fiye da arba'in ina aure, ban taɓa jin umarni mai yawa haka ba.

Bayan Doso jandarma ya hau ya karɓi katunan ɗan ƙasa. Ya dubi nawa, ya dube ni, ya sake duban katin. Hoton tun gemuna yana baƙi ne. Ya ce, "Tsoho, katin ɗanka ka ɗauko?" Na ce, "A'a, mushe, ni ne, kafin in fara aurar da ƴaƴa mata." Ya yi dariya ya miƙo mini, ya ce shi ma yana da uku, zai je ya ɗauki hoto tun da wuri.

A Gaya muka tarar da gada a rufe, kowa sai ta kwalekwale. Ku mutanen Gure ku saurara da kyau. Abin da muke kira tabki a nan, wanda yara ke tsallakawa da jaki, can ko sunan ruwa ba za a ba shi ba. Na tsaya bakin kogin na ga ɗaya gaɓar can nesa, na tambayi mai kwalekwalen ina ake riƙewa. Ya ce, "Allah ake riƙewa, Baba." Na ce wannan na sani, ina nufin bayan shi. Aka cusa ni tsakanin buhun albasa da wani babur. Gefen rigata ya faɗa ruwa ya sha ya ƙoshi, ya rinƙa ja na baya kamar mai bi na da magana. Hajiya Rabi ta naɗe shi ta ɗora mini a cinya. A tsakiyar kogin ne dariyata ta ɗauke. Na dubi ruwan nan mai launin kunu, ba ka ganin ko tafin hannunka a ciki, na ce ashe irin wannan ne ya ɗauki Zara. Da wannan tunanin muka taka ƙasar Malanbil, a gaɓar Dahome.

A Paraku muka sauka a zango, gidan wani mai masauki da ya ce kakansa Bakatsine ne. Hausarsa ta sha manja har ta canza kama, amma karamcinsa na gida ne. Aka kawo sakwara da miyar gyaɗa da wani cukun Fulanin can, ja a baya, fari a ciki, mai laushi kamar ba a gama shi ba. Na fito da namu cukun na Gure na ba shi ya ɗanɗana. Ya gwada haƙori, ya juya shi, ya tambaye ni ko da shi muke gini. Sakwarar kuwa ba laifi, sai dai ba ta zama a ciki kamar biskin gero. Kana tashi ka yi taku kaɗan sai ka ji kamar labarin abinci aka ba ka.

A Kwatano muka rabu da Hajiya Rabi. Ta damƙa ni hannun wani ɗan kabu-kabu mai rawayar riga, irinsu sun cika garin kamar fara. Muna tashi iska ta shiga babbar rigata ta hura ta, na zama kamar rumfar kasuwa a kan babur. Yaron yana ta ihu da yarensu, ni ina ta salati da nawa. Haka muka isa tashar da Mamman Sani ke jira na.

Ƙauyensu rabinsa a kan turaku yake. Gidajen da ke ƙasa kuwa kowanne da zanen da ruwa ya bari a bango, wani a ƙirjina, wani ya wuce hulata. Fanna ta fito ta durƙusa. Na ce, "Auta, sannu. Mun same ku lafiya? Ya haƙuri?" Ta sunkuyar da kai. Ta kawo ruwa, ta kawo abinci, ta karɓi ƙunshin uwarta ta shinshina turaren ta daɗe, ta ajiye. Ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Na lura da wani ƙulli a ƙugunta, cikin zane. Mamman Sani ya raɗa mini cewa rigar Zara ce, ba ta rabuwa da ita ko a salla. Na san rigar. Ni na ɗinka ta da hannuna na aika mata ta sallar layya, shuɗiya mai aikin zare a wuya. Ina ce wa yarinyar amaryata, ita kuma tana cewa ba ta auren mai giɓi.

Abincin ranar shi ne wanda kuke ta tambaya. E, akwai ƙaguwa a miyar. Na dube ta, ta dube ni, na tura ta gefen kwano cikin mutunci. Wannan shi ne iyakar abin da ya shiga tsakaninmu.

Da safe Fanna ta yafa gyale ta fita. Na sa hula na bi ta, da niyyar in ga abin da idona, in kama hannunta mu wuce tasha. Wurin wata babbar rumfa ce kusa da lakwal ɗin garin, inda mutane suka fake lokacin ruwan. A ƙofar rumfar wata tsohuwa cikin fararen kaya tana durƙushe tana zane a ƙasa da garin masara, tana sakin shi ta tsakanin yatsu, layi na bin layi, har ya zama wani abu kamar kwalekwale da taurari kewaye da shi. Ni da na san darajar hatsi na ji zuciyata ta ce ɓarna, amma idona ya ce kai, wannan hannu ya iya. Ita ce Mama Ablawa, shugabar masu bodun ɗin garin. Ta gama, ta zuba ruwa a ƙasa, aka buga ganga a hankali, matan suka shiga suna taka zanen har ya baje. Ni na zaga ta gefe.

Cikin rumfar kuwa ga wani ƙyalle shuɗi shimfiɗe, tsawonsa ya kai sahun masallacin unguwarmu. An ɗinka masa ƙananan ƙyallaye birjik: hannun riga, bakin zane, ɗankwali, hular jariri, guntun gidan sauro, har da wani yanki na komar kamun kifi. Kowane an kewaye shi da duwatsun ado da wuri da ƴan ƙyalƙyali, sai walƙiya yake kamar rana a kan ruwa. Wallahi na tsaya baki buɗe. Duk wanda ruwa ya ɗauke wa wani, ko ya ɗauke masa gida, shi ke kawo guntun abin da ya rage.

Mai jagorantar aikin wata mata ce baƙa kamar mu, Madam Selin, daga wata ƙasa mai suna Haiti, can bayan teku. Ta ce kakanninta daga wannan gaɓar aka kwashe su zamanin bauta, suka tafi da bodun ɗinsu a ka. A ƙasarsu ana yi wa iskokinsu tutoci na duwatsun ado, kuma sana'arta ke nan. Da ƙasa ta girgiza a garinsu ta rushe gidaje a kan mutane, ita da matan unguwarsu suka zauna suka yi irin wannan ɗinki, don da yawa ba su samu gawar da za su binne ba. Ta ce a wurinsu wanda ya mutu ƙarƙashin ruwa yake zama, sai an kira sunansa an yi ta ba da labarinsa kafin ya samu hanyar hutawa. Wannan duk na fahimta, don a hankali ta faɗa, da Faransanci mai sauƙi. Da ta ji ni tela ne kuma na ce mata "bonjur madam" da kyau, sai ta ɗauka ta samu ɗan boko. Ta saki Faransanci kamar an ɓalle famfo, tana nuna ƙyallen, tana nuna idonta, tana nuna allura. Faransancina na aji uku ya tsaya tun a kwanar farko. Amma ina zan yarda a gane, ga ƴata a wurin? Na rinƙa gyaɗa kai ina cewa, "Wi, madam. Wi, wi." Ashe dokokin aikin take gaya mini.

Na zauna gefe ina kallo. Bibbiyu suke zama, gwiwa da gwiwa, ɗaya na magana ɗaya na ɗinki, sauran na amsa wata gajeriyar waƙa in mai maganar ta tsaya. Fanna tana cikin masu ɗinki. Na ga ba wanda ya ba ta wani abu ta sha, ba wanda ya shafa mata komai. Na ce to bari in ƙara gani.

Da rana ta take suka tashi cin abinci. Na yi azahar ƙarƙashin wata bishiya, na dawo na tarar ba kowa sai ni da ƙyallen. A nan ne shaiɗanin teloli ya same ni. Na matsa kusa na duba ɗinkin. Jama'a! Daga nesa aljanna, daga kusa tafiyar maye. Wani taki dogo, wani gajere, zare ya hau nan ya sauka can. Akwai wani aljihun rigar namiji, mai ruwan ƙasa, wanda ɗinkinsa ya fi kowanne karkacewa. Na ce a raina, bayin Allah nan suna da zuciya, gwani ne ba su samu ba, bari in yi musu sadaka. Na zaro rezata daga cikin hula, na farke zaren tas, na daidaita aljihun, na fara jera masa ɗinki irin wanda ake zuwa nema tun daga garin Bune.

Ina cikin yi na ji motsi a bayana. Na waiga. Duk sun dawo. Madam Selin ta dafe kai da hannu biyu. Mama Ablawa ta zo ta tsaya kan aljihun, ta tsince guntayen zaren da na zubar ɗaya bayan ɗaya, ta riƙe a tafin hannu, ta zauna a ƙasa daɓas. Na ga dai akwai matsala, amma na ɗauka ba su ga kyan aikin ba ne. Na ɗaga aljihun ina nuna musu, na ce da Hausa, tunda ba mai ji, "Ku duba bambanci. Wanda ya yi na farkon nan ko kusa da tela bai taɓa zama ba."

"Ni na ɗinka, Baba."

Na juya. Muryar ta dushe kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba, amma tata ce. Fanna ce, tana tsaye, idonta jawur don fushi. Matan suka dubi juna. Su ma ba su taɓa jin ta ba tun ranar ruwan.

Ta ce, "Aljihun mijin Mama Ablawa ne. Ba a ɗinka wa kai, wani ke ɗinka maka. Kai kana ba da labarin mutuminka, shi yana ɗinki. Kuma mai ɗinki ba ya kallon allura, fuskar mai magana yake kallo, ba ya kuma cewa komai. Shi ya sa ya karkace. Yini guda ta yi tana gaya mini shi, ka zo ka farke da reza. Madam ta gaya maka duk wannan, kana ta wi, wi."

Ni Ari, wanda ya koya mata riƙon allura tun tana tsayin teburin kantina, na tsaya da reza a hannu kamar ɓarawon da aka kama da akuya. Kunya ta rufe ni. Amma ku gafarce ni, a ƙarƙashin kunyar wani daɗi ne ke tasowa, har na ji ina so ta ci gaba da faɗan.

Mama Ablawa ta yi magana. Ba wanda ya iya yarensu da Hausa a rumfar sai Fanna, dole ita ta fassara. Ta ce, "Ta ce wanda ya farke shi zai mayar. Ka zauna." Na zauna gwiwa da gwiwa da tsohuwar. Aka cire ɗinkina mai kyau, ina ji ina gani. Aka ba ni allura. Da idona ya sauka kan ƙyallen sai ta sa yatsa ta ɗago mini haɓa, kamar yaro.

Ta fara, Fanna na juyawa. Mijinta masunci ne. Bai taɓa cin miyarta bai ce gishiri ya yi yawa ba, kuma bai taɓa ragewa ba. A wannan aljihun yake ajiye ƙugiya, kullum sai ta soke ta in tana wanki, kullum sai sun yi faɗa a kai. Ranar ruwan ya fitar da ita ya kai ta lakwal, ya koma ɗauko wata makauniya maƙwabciyarsu. Makauniyar tana nan da rai, ga ta can a bakin rumfa. Shi ne bai dawo ba. Ina kallon fuskar matar nan da ba mu haɗa yare ba, ba mu haɗa alƙibla ba, ina ganin inda bakinta ke rawa kafin maganar ta iso ni ta bakin ƴata. Allura ta soke ni ban san iyaka ba. Da muka gama na duba aikina. Na Fanna da na farke ya fi shi kyau nesa ba kusa ba. Mama Ablawa ta shafa shi, ta ce wani abu, matan suka fashe da dariya. Fanna ta ce, "Wai yanzu ka fara koyo."

Ban yi maganar tasha ba ranar, ban yi washegari ba. Na rinƙa bin ta kullum. Malam Bukar, kwantar da hankalinka: ban zuba wa kowa ruwa a ƙasa ba, ban rusuna wa kowa ba, in an buga ganga ina gefe da carbina, kuma ba wanda ya ce mini don me. In lokacin salla ya yi su da kansu suke shimfiɗa mana tabarma ni da Fanna, har wata ta koyi inda gabas take. Abin da suka yi imani da shi nasu ne, Allah shi ne mai hukunci. Amma na yi ta tunanin zaman makokinmu. Mu muna zuwa da yawa, muna kawo hatsi, muna addu'a, wannan ba wanda ya fi mu. Sai dai da mai rashi ya buɗe baki sai mu ce, "Yi haƙuri, sai haƙuri," mu toshe shi da alheri. Ni kaina abin da na yi ta gaya wa Fanna a salula ke nan. Su kuwa sai su zaunar da kai, su sa wani ya riƙe allura don kada ya samu hannun da zai ɗaga ya tsayar da kai.

Fanna tana magana yanzu, amma ta aiki ce kawai: miƙo zare, ta ce kaza, abinci ya nuna. Ƙullin yana nan a ƙugunta. Ta ɗinka wa kusan kowa a rumfar, nata ba ta ba kowa ba. Ƙyallen kuma ya kusa cika, ana shirin ranar da za a ɗora shi a kwalekwale a zaga da shi kogin, sannan a rataye shi a lakwal.

Wata safiya ina zaune ina tsinto wuri daga cikin kwano, sai na ga ta zo ta durƙusa gabana. Ta kwance ƙullin, ta ɗora mini rigar a cinya. Na ce, "Auta, ga Mama Ablawa, ga Madam, sun fi ni iya wannan." Ta ce, "Ba su san ta ba. Kuma da Hausa zan faɗa."

To a nan ne tafiyar ta yi mini tsawo. Kun san mu. Tun da Fanna ta fara ɗaura zane ban ƙara kallon tsakiyar fuskarta ba, ita ma ba ta kalli tawa ba. Tana magana tana kallon ƙasa, ina amsawa ina kallon bango, haka aka yi mu, kuma ban ce laifi ne ba. Yanzu ga shi an ce in zauna gwiwa da gwiwa da ita in zuba mata ido. Na ɗora rigar a kan shuɗin ƙyallen, na soka allura, na ɗago kai. Ashe tana da ɗan tabo a gefen gira. Ashe idonta na uwata ne. Ban sani ba.

Ta ce Zara tana tsoron kwaɗo amma ba ta tsoron kare. Ta ce ba ta cin tuwo sai an yi mata ƴar loma an jera a bakin kwano. Ta ce ranar da rigar nan ta iso ta ƙi cirewa har ta yi barci a ciki, tana cewa mijinta mai giɓi ne ya aiko, ta fasa ƙin sa. Matan ba sa jin ko kalma ɗaya, amma duk inda ta tsaya sai su amsa waƙarsu a hankali. Sannan ta ce, "Ina riƙe da ita, Baba. Ruwan yana nan a ƙirjina, tana kafaɗata. Wani icce ya bugo ni. Ban sake ta ba, wallahi ban sake ta ba, hannuna ne ya buɗe."

Haƙuri ya zo mini har bakin leɓe. Na ji shi a kan harshena. Na danne shi da sauran haƙoran da suka rage mini, na ci gaba da soka allura inda ban gani ba, ina kallonta. Ta faɗa, ta sake faɗa, ta yi kukan da ba ta yi ba tun damina, ni ma gemuna ya jiƙe, ba hannun sharewa. Ba mu tashi ba sai da rigar ta zauna. Madam Selin ta kawo duwatsu shuɗɗa, matan suka kewaye ta da su, kowace ta sa nata.

Ranar zagayen kogi ban shiga kwalekwale ba, na riga na ba ruwa haƙƙinsa a Gaya. Na tsaya a gaɓa ni da Mamman Sani, su suna kaɗe-kaɗensu, mu muna karanta wa Zara abin da muka iya. Daga nesa ƙyallen yana walƙiya, ba ka ganin karkatar ko ɗinki ɗaya.

Na ce wa Fanna ta shirya mu tafi gida. Ta ce, "Ba yanzu ba, Baba. Akwai matan ƙauyen gaba da ruwa ya yi wa ɓarna, an ce za a fara nasu, kuma ba su da masu ɗinki. In an gama zan zo in ga Inna." Na dubi mijinta, ya dubi ƙasa. Na ce to.

Shi ya sa kuka gan ni na sauko ni kaɗai, kuka yi ta zunɗe. Da na shiga gida tsohuwata ta leƙa bayana, ta ga ba kowa, ta ce, "Malam, ina ƴata?" Na zauna na cire takalmi, na latsa salula na miƙa mata. Ta karɓa kamar mai karɓar garwashi, ta kara a kunne, tana jiran numfashin da ta saba ji.

Daga inda nake zaune na jiyo muryar: "Inna? Baba ya iso? Ki duba masa yatsunsa, duk ya sossoke su."